Neman Hancin Yaya Idi a Tafadek

Tun da na dawo daga Abzin ban huta da tambaya ba. A wurin aiki a tare ni, a ƙofar masallaci a tare ni, har mai kifin bakin gada sai da ya riƙe ƙunshin kifina ya ce ba zai saki ba sai na faɗa masa ko da gaske ne akwai ruwan da yake fitowa daga ƙasa da zafinsa. 'Yan majalisarmu kuwa duk wanda na ba labari sai ya kai shi gaba da ƙari. Shekaranjiya na ji an ce wai mun ga aljanu suna wanka. To, gara in rubuta da hannuna, na kuma nemi izinin mai labarin ya ba ni. Wanda ya ƙara gishiri bayan wannan, shi da Allah.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Nafi'u, mutumin Ɗankaza ne, ina aiki a ɗakin gwajin sinadarai na jami'ar nan ta Wudil. Ni ba malami ba ne, ni ne mai jera kwalabe da wanke su da hana ɗalibai ƙona kansu. Shekara goma sha biyu ina wannan aiki, har hancina ya fi idona amfani. Daga bakin ƙofa nake sanin an bar kwalbar amoniya a buɗe, don zarninta na tsohon makewayi ne sak. Kulorin kuma shi ne ɗan warin nan na ruwan famfo, amma idan ya yi yawa maƙogwaro yake shaƙewa. Matata ta ce zama da ni wahala ne, ba a ɓoye mini ƙonannen tuwo.

Mai labarin shi ne wana, Yaya Idi, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar Baba, kuma da haƙar rijiya ya yi. Daga Ɗankaza zuwa Indabo da wuya ka sha ruwan da bai taɓa shiga ƙarƙashinsa ba. Yakan ce muguwar iskar rijiya iri uku ce: mai nauyi da take kashe fitila, da mai kama wuta, da mai wari. Biyun farko fitila ake zurawa ta gano su, ta ukun kuwa hanci ne kaɗai maganinta.

Bara da bazara aka kira shi yasar wata tsohuwar rijiya a Lajawa. Ya zura fitila ta sauka har ƙasa ba ta mutu ba, ya shiga. Da ya fara kwasar laka sai ya ji warin ruɓaɓɓen ƙwai, ya dakata yana shawarar fita. Can sai warin ya ɗauke ɗif. Ya ɗauka iskar ta wuce, ya ci gaba da aikinsa. Da igiyar da ke ƙugunsa aka jawo shi, bai san inda kansa yake ba. Allah ya yi da sauran kwana, ya tashi bayan jinya, amma hancin bai tashi tare da shi ba.

A nan nawa laifin yake, kuma zan faɗe shi tun yanzu. Wannan iskar na san ta kamar yunwar cikina. Haɗin farar wuta ce da haidurojin, kuma abu na farko da nake faɗa wa sababbin ɗalibai a kanta shi ne, idan kana jin warinta sai ka daina ji, ka gudu, don ba tafiya ta yi ba, hancinka ta kashe. Na faɗa wa 'ya'yan mutane wannan magana har ta gundure ni, ban taɓa faɗa wa wana ba. In mun zauna sai hirar taki da gona, ina ganin aikinsa nasa ne, nawa nawa ne. Tun ranar da aka ba ni labarin yadda abin ya faru nake ɗauke da wannan a ƙirjina, ban gaya wa kowa ba.

Yaya ya daina cin abinci sai da faɗa. Matarsa, Yaya Binta, ta zuba daddawa a miya har maƙwabta su ji, shi ya ce kamar auduga yake taunawa. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Abin da ya fi ɗaga mana hankali shi ne kullum maganarsa ta komawa rijiya ce. Sai da mahaifiyarmu, Inna, ta sa shi a gaba ya yi mata alkawarin ba zai sake shiga rami ba sai ran da hancinsa ya dawo. Likita kuwa ya ce zai iya dawowa, zai iya ƙin dawowa.

Ana nan sai ya haɗu da Agali a kasuwar Juma'a, wani Buzu mai kawo kanwa da cuku. Agali ya ce a ƙasarsu, bayan Agadas, akwai wani ruwa a Tafadek da yake fitowa da zafi, guragu suna zuwa a ɗauke su koma da ƙafarsu, balle hanci ɗan ƙaramin abu. A iya karatuna babu inda aka ce ruwan zafi yana ta da hancin da ya mutu, har na buɗe baki zan faɗa. Sai na ga idon Yaya yana haske irin wanda rabona da gani tun kafin Lajawa. Na rufe bakina, na je na nemi hutu.

Farkon damina muka tashi mu uku, da Agali da zai koma gida. Daga Kano muka shiga motar Daura, kuma a cikinta na fara gane cewa rashin hanci ma yana da ranarsa. An matse mu a baya da wata mata mai kwandon daddawa, ga rago a but yana numfashi ta bayan kujera, ga direba da ya zuƙi fetur da baki ta tiyo yana magana yana feso mana shi. Ni ina ta neman taga ina hawaye, Yaya ya jingina da kwandon ya yi barcinsa har da minshari. Da ya farka ya dube ni ya ce, “Ɗan boko, lafiya idonka ya yi ja?” Na ce masa lafiya lau, daɗi ne ya yi mini yawa.

A kan iyaka, a Kongolam, na kusa jawo mana kwana. Na taho da 'yan kwalabe shida na wurin aiki, a naɗe cikin safa, don in ɗebo ruwan in gwada. Jami'in kwastan na can, su duwan suke ce masa, ya zazzage jakata ya jera su a tebur.

“Mushe, mi ke ciki?” in ji shi, mushe wai malam ke nan da Faransancinsu.

“Babu komai, ranka ya daɗe.”

“Ka taso tun daga Kano da babu komi cikin kwalba shida?”

Ya cire murfin ɗaya ya kai ta hanci kai tsaye. Wallahi ban san lokacin da hannuna ya buge nasa ba. Na ce, “Ba a haka! Nesa ake riƙewa, a fifito iskar da hannu!” Abin da nake yi wa ɗalibai kullum ke nan, hannun ya saba. Agali ya ja rawaninsa ya rufe har ido. Yaya ne ya matso ya rusuna ya ce, “Yallaɓai a yi haƙuri, ƙanena ne, boko ne ya yi masa yawa. Shi ma maganin za mu nema masa.” Jami'in ya daɗe yana kallona, sannan ya ɗauki kwalbar ya riƙe ta nesa, ya fifita da hannu a hankali kamar mai korar ƙuda, ya ce, “Haka?” Na ce haka. Ya fashe da dariya ya kira abokan aikinsa ya koya musu, muka wuce suna ta fifita kwalbar wofi.

A Damagaram muka sauka gidan Hajiya Zara, wata dattijuwa mai saukar fatake, ƙawar mahaifiyar Agali. Ta ba mu ɗaki a soro da tabarma biyu da 'yar tukunyar gas ta dafa shayi. Hausarsu tamu ce amma ta sha wani ruwa daban, kowace gaisuwa sai “lahiya lau”, kuma ba sa gajiya da ita. Ta kawo mana dambu da zogale da ya ji ƙuli da man gyaɗa, da burodinsu dogo kamar sanda, mai ɓawon da yake yanka dasashi. Mu a Wudil in aka kawo maka burodi mai tauri haka sai ka mayar wa mai shi, su kuwa in ya yi laushi ne suke cewa ya lalace. Na cinye nawa na taya Yaya, don loma uku ya yi ya ture kwanon. Hajiya ta ji labarinsa ta ce in sha Allahu da hancinsa zai dawo ta nan, za ta yi masa turaren wuta ya faɗa mata sunan kowane itace.

Hanyar Agadas ba a ba da labarinta, sai dai a yi ta. Bayan Tanut itatuwa suka fara ja da baya ɗaya bayan ɗaya, gonaki suka ƙare, ƙasa ta miƙe ba ta da gefe. Motar tana jijjiga, ni ina tsakanin barci da ido biyu, sai na ga garuruwan da muka wuce ba sunansu nake tunawa ba, iskarsu nake tunawa. Wani gari ƙaurin gawayi, wani ƙarnin nono, wani zarnin raƙuma da rana ta dafa. Muka bi bayan wata babbar mota mai kanwa, ƙurarta ta shigo tana ɗan cizon leɓe, ta tuna mini da Inna tana jiƙa wake. Daga nan kuma sai babu komai, iska zalla. Na yi ta tunanin yadda Allah ya yi abinsa: iskar da muka fi shaƙa, da wadda take riƙe da ranmu, duk ba su da ƙamshi ba su da wari. Da oksijin yana da ƙamshi ko na miski ne, da tuni ya ishe mu. Sai kuma na tuna a irin wannan babu-komai ɗin Yaya yake zaune shekara guda, na juya na dube shi, yana kallon taga.

Da la'asar tayarmu ta fashe kusa da wata rijiyar makiyaya. Kafin in sauko Yaya ya kai bakinta. Rijiya ce mai zurfin da raƙumi ne yake jan gugan, sai ya yi tafiya mai nisa kafin ruwan ya iso sama. Na tarar da shi ya kwanta rub da ciki ya leƙa kansa, na damƙi bayan rigarsa ban saki ba. Akwai wani tsoho a wurin, shi ma mahaƙi ne, Hausarsa kaɗan ce, amma cikin ɗan lokaci sun fahimci juna da hannu. Tsohon ya nuna masa yadda su suke ɗaura busasshiyar fata a igiya su yi ta sama da ƙasa da ita har tsohuwar iska ta fito sabuwa ta shiga. Yaya ya ce mu da reshen darbejiya mai ganye muke yi. Suka yi ta gyaɗa wa juna kai kamar malamai biyu sun haɗu a kan littafi ɗaya. Can gabas hadari ya haɗu yana walƙiya ba ƙara, iska ta kawo ƙamshin ƙasar da ta sha ruwan fari, da wani siririn ƙamshi mai kaifi da walƙiya take bari, irin wanda ake ji kusa da mai walda. Mu ozon muke ce masa. Duk wanda yake wurin ya ɗaga kai ya ja numfashi, har raƙumin. Yaya kaɗai ne bai ɗaga ba, yana auna kaurin igiya da yatsa.

A Agadas gidan su Agali muka kwana biyu. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne maza ne suke rufe fuska, mata kuwa fuskarsu a waje, kuma mahaifiyar Agali ita take yanke magana a gidan. Aka dama mana tukuɗi, gero da cuku da dabino, mai nauyin da in ka sha da safe sai la'asar ka tuna da abinci. Shayi kuma sau uku ne, in ka tashi a na biyu ka yi rashin kunya. Na lura duk sanyin safiya tsohuwar ba ta yarda a shiga da kaskon gawayi ɗaki a ja ƙofa. Ta ce gawayi ɓarawon numfashi ne, ba ya sallama. Na so in yi mata bayanin iskar da take nufi da sunanta na littafi, sai na ga ta riga ni sani, na sha shayina.

Wata a-kori-kura muka hau zuwa Tafadek, mu da marasa lafiya da buhunan shinkafa da akuya biyu. Hanyar duwatsu ce baƙaƙe, sai ka ce an ƙone su an bari. Ban ga wurin ba tukuna hancina ya gan shi. Wari ne na ruɓaɓɓen ƙwai, siriri, yana zuwa yana komawa da iska. Iskar rijiyar Lajawa ce, ita ce dai, sai dai a nan kaɗan ce kuma sarari ya yi mata yawa. Wato na ɗauko wana na yi kwana da kwanaki a hanya don in kawo shi wurin abin da ya cuce shi ya ba shi magani. Mutanen motar suka fara toshe hanci suna dariya, Yaya yana bin fuskokinsu da kallo ɗaya bayan ɗaya.

Wurin ba wani gari ba ne. 'Yan rumfuna ne da bukkoki, da ɗakin wanka na maza da na mata, ruwan yana ɓuɓɓugowa a ciki yana tururi. Zafinsa kuwa, da na sa ƙafa sai da na kira sunan Inna. Amma in ka daure ka zauna, sai jiki ya saki, ƙasusuwa su yi laushi, tururi ya rufe fuskokin mutane ka dinga jin muryoyi kawai, wannan da Hausa, wannan da Buzanci, wannan da Zabarmanci, kowa yana ba da labarin ciwonsa ba tare da ya ga mai saurare ba. Kwanakin suka narke suka shiga juna. Mu yi wanka da hantsi, mu kwanta a inuwa, mu ci burodin da ake gasawa cikin toka da yashi a karkaɗe a zuba masa miya, mu koma ruwa. Ban taɓa zama wurin da ba a tambayar ƙarfe nawa ba sai can.

Rana ta biyu na ga zobena na azurfa ya koma baƙi ƙirin. Ni na san dalili, farar wuta ba ta ga azurfa ta ƙyale, amma wata Hajiya Rabi 'yar garin Tawa da ta shiga ruwa da awarwaronta na gado ba ta sani ba. Ta fito tana salati tana cewa ciwon jikinta ne ya fito ya kama su, wata kuma ta ce mata ai baki ne. Na ce a ba ni tukunyar alminiyan da ruwan zafi da kanwa. Na goge cikin tukunyar da yashi, na zuba awarwaron na bar su suna taɓa gindinta a kan wuta. Kafin shayi ya nuna baƙin ya bar azurfar ya koma jikin tukunya. Hajiya ta ɗaga su tana juyawa a rana, ta dube ni ta ce, “Malam, daga wace tsangaya?” Kafin magariba mata sun yi layi a rumfarmu da zobba da sarƙoƙi, wata har da jariri wai in tofa masa. Na yi ta rantsuwa cewa kanwa ce kawai, ba wanda ya yarda. Yaya yana gefe yana dariya har da riƙe ciki, yana ce musu, “Ku matsa masa, ɓoyewa yake yi, a gida ma haka yake.” Rabon da in ji dariyarsa har na manta kalarta.

Rana ta biyar da hantsi muna cikin ruwa sai ya miƙe zumbur ya kama hanci. Ya ce, “Nafi'u! Wari! Wallahi wari, kamar ƙwai ya fashe!” Ɗakin ya ɗauki kabbara. Mutanen da ba su san sunansa ba suka rungume shi jiƙe-jiƙe, Agali ya fita a guje ya sa aka yanka akuya. Ni kuwa na zauna cikin ruwan na yi kuka sosai, tururi ya rufa mini asiri. Mai aikin gwaji ne ni, da ɗalibi ne ya zo mini da irin wannan magana sai na ce ya maimaita a gabana sau uku. Amma ban gwada shi da komai ba, don ina so ya zama gaskiya fiye da yadda shi yake so. Ranar ya ci nama ya ci burodi, ina kallonsa yana haɗiya da ƙyar, na ce wa kaina ciki ne ya saba da yunwa.

Da muka dawo Agadas inda waya take kamawa, Inna ya fara kira. Ina jin guɗar Yaya Binta ta cikin wayar. Ya ce, “Inna, alkawari ya cika. A faɗa wa mutanen Indabo ina nan tafe, rijiyar masallacinsu da ni za a yashe ta.” Muka yi sallama da Agali da mahaifiyarsa, muka kamo hanya da guzurin cuku da kwalabena shida cike da ruwa.

Hajiya Zara ta cika alkawari ita ma. Da muka sauka ta kunna turaren wuta ta kawo gabansa, ya lumshe ido ya ce, “Kai, Hajiya, wannan ai sai gidan sarauta.” Ta tambaye shi sunan itacen, ya ce gajiya ta hana shi tunawa, aka yi dariya aka bar maganar.

Washegari bayan sallar asuba na tsaya gaisawa da liman, Yaya ya ce bari ya riga ni ya ɗora shayi. Tun daga bakin soron warin ya dake ni. Gas ɗin girki shi kansa ba shi da wari, masu yin sa ne suke ɗiga masa wani sinadarin farar wuta mai ɗoyi, don ko barci kake ya tashe ka. Robar bakin tukunyar ce ta tsage, tun muna masallaci take tsiyaya, ɗakin ya cika har ya tumbatso waje. Na tura ƙofa. Yaya yana tsugune a gaban tukunyar, ya ɗora buta, kwalin ashana a hannunsa, tsinke ɗaya ya karye a ƙasa yana zaro na biyu. Fuskarsa a sake, har yana ɗan waƙa.

Na kama wuyan hannunsa na fizgo shi waje, muka zube tare a tsakar gida. Hajiya Zara ta fito da gudu da mayafi a hanci, ta sa aka buɗe taga aka fitar da tukunyar, tana faɗa tana cewa, “Kai bawan Allah, za ka ƙone mu! Ba ka da hanci ne?” Sai ta ji abin da ta faɗa, ta sa hannu ta rufe bakinta. Yaya ya tashi zaune yana karkaɗe riga, ya ce, “Mura ce ta kama ni jiya.” Har yanzu ashanar tana hannunsa, ni na zare ta.

Daga Damagaram muka kamo hanya har kan iyaka. Jami'in nan ya gane ni ya fifita mini hannu daga nesa, na kasa ko murmushi. Raina a ɓace yake, ina jin haushinsa, ina jin tsoro, don na san da ban tsaya a bakin soron nan ba, ko da robar ba ta tsage ba, da mako mai zuwa yana ƙasan rijiyar Indabo da hancin da ba ya aiki. Sai bayan Daura, da mutanen motar suka yi barci, na ga in zan nemi gaskiya a wurinsa sai na fara ba da tawa.

Na ce, “Yaya, iskar da ta kama ka a Lajawa na san ta tun kafin ka shiga. Na san in warinta ya ɗauke guduwa ake yi. Kullum ina faɗa wa ɗalibai, kai ban taɓa faɗa maka ba.”

Ya juyo ya dube ni. Sannan ya ce, “Ni na taɓa tambayarka?”

“Ba ka taɓa ba.”

“To. Shekara talatin ina shiga rami, ƙanena yana da littafin iska a hannu, girman kai ya hana ni cewa karanta mini.” Ya gyara zama. “Tun muna Tafadek nake ganin kana kallona kamar wanda ya kashe mutum. Na ce bari in sauke maka, in ce na ji wari. Ni kuma in samu in koma aikina.”



Ranar Juma'a ce muka iso Wudil, da yamma, kasuwa tana watsewa. Motar ta hau gada ta tsaya cak saboda manyan motocin shanu, kogi yana ƙasa ya ƙaru da ruwan sabuwar damina, rana ta kwanta a kansa. Yaya ya sauke gilashi ya fitar da fuskarsa. Tun da abin ya same shi bai taɓa yarda a yi maganar ƙamshi a gabansa ba, ko Yaya Binta ta manta ta ce miya ta yi ƙamshi sai ya tashi ya fita. Sai ga shi ya juyo ya yi ƙasa da murya don kada na kusa su ji.

“Nafi'u, me garin yake yi?”

Na ja numfashi. Na ce masa akwai danshin kogi, da laka, da ciyawar da ruwa ya kwantar. Akwai kashin shanu sabo daga kara, wato kasuwar shanu, da hayaƙin baƙin mai na motocin nan. Can ƙasa kuma wata tana suyar kifi, man ya ɗan ƙone, ta barbaɗa yaji. Ya rufe ido yana gyaɗa kai a hankali, kamar ina karanta masa wasiƙa daga gida.

Ya ce, “Rijiyar Indabo a sama zan tsaya, in riƙe igiya. Kai kuma ka zo ka faɗa wa masu shiga abin da kake faɗa wa ɗalibanka. Inna kuwa kada ka riga ni, da bakina zan gaya mata.”

Na ce to.

Bai buɗe idon ba. Ya ce, “Ci gaba mana. Bayan kifin sai me?”